Darasi: Agogon Matafiyi da Agogon Mazaunin Gida

A kowane minti ɗaya, dare da rana, rani da damina, wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya iya gani suna zubowa daga sama a kan gonakin Kadawa, kimanin miliyan 40 a kan kowace eka. Masana suna kiran su muwon, kuma tun 1936 aka gano su. Ba sa ƙona shinkafa, ba sa ɓata tumatir. Ratsa shuka da ƙasa da jikin manomi kawai suke yi su wuce, ta yadda idan mutum ya shimfiɗa tafin hannunsa, kusan guda ɗaya ke ratsa shi kowane sakan. Asalinsu can sama ne, kimanin kilomita 15 daga ƙasa, inda wasu ƙwayoyi masu tsananin gudu daga sararin samaniya suke karo da iskar duniya. Abin da ya sa muka fara darasi da su shi ne, bisa lissafin da kowa ya saba da shi, bai kamata su iso Kadawa ba. Rayuwarsu gajera ce ƙwarai. Idan aka raba sakan ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ake kira maikurosakan, kuma idan aka tara muwon da yawa wuri ɗaya, cikin maikurosakan ɗaya da rabi rabinsu sun ruguje. Ko da gudun haske suke yi, a wannan ɗan lokaci ba za su wuce mita 460 ba. Ga shi kuwa suna cin kilomita 15 suna isowa da yawansu.

Amsar da wannan darasi zai kare ita ce: lokacin da ke tsakanin aukuwar abubuwa biyu ba adadi ɗaya ba ne ga kowa. Agogon da ke tafiya, idan wanda aka bari a baya ya auna shi, a hankali yake bugawa, kuma gwargwadon kusantarsa da gudun haske, gwargwadon nawarsa. Tun da wuri ya kamata mu raba wannan magana da wata da take kama da ita. Alhajin da ya sauka a Makka yakan tarar agogon can ya riga na Kano da awa biyu. Wannan yarjejeniya ce ta mutane, saboda rana na riga fitowa a gabas. Sakan ɗin Makka da na Kano tsawonsu ɗaya. Abin da muke magana a kai ya shafi tsawon sakan ɗin kansa.

Kafin a kai ga agogo sai an fahimci abin da za mu kira mazaunin awo, wato wurin da mai awo ya ɗauka a matsayin tsayayye, wanda daga shi yake auna motsin sauran abubuwa. Ku ɗauki motar tumatir da ta yi lodi a Kwanar Gafan, ta hau titin Kano zuwa Zariya tana gudun kilomita 60 a awa, ba ta ƙarawa, ba ta ragewa, ba ta karkata. Yaron mota na zaune a ciki, sai ya jefa tumatir ɗaya sama ya cafe. A wurinsa tumatirin ya tashi sak ya dawo sak. Manomin da ke tsaye a bakin titi kuwa ya ga tumatirin ya yi baka a iska, domin a cikin sakan ɗin da ya yi a sama motar ta ci kusan mita 17. Wa ya faɗi gaskiya? Dukansu. Kada kuma a ce na manomi ne sahihi don shi ne a tsaye, domin shi ma ba a tsaye yake ba. Juyawar duniya na ɗauke da shi da gonarsa da madatsar ruwan Tiga gaba ɗaya zuwa gabas da gudun kimanin kilomita 1,600 a awa, duniyar kuma na zagaya rana da gudun kilomita 30 a sakan, bai taɓa jin ko ɗaya a jikinsa ba. Galileo, masanin Italiya, ya bayyana wannan tun 1632 da misalin ɗakin cikin jirgin ruwa: matuƙar tafiyar miƙaƙƙiya ce kuma gudun bai canja ba, babu gwajin da na ciki zai yi ya gane ko tafiya yake ko tsaye. Saboda haka duk wanda ya ce abu kaza yana gudu kaza, maganarsa ba ta cika ba sai ya faɗi daga wane mazauni ya auna.

Har nan babu abin da ya saɓa wa hankali. Idan yaron ya jefa tumatirin gaba da gudun kilomita 20 a awa, manomi zai auna 80, wato na mota da na jifa a haɗe. Inda gizo ke saƙar shi ne haske. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a sakan, kuma hankali zai ce idan direba ya kunna fitila, sai manomi ya auna gudun haske da ƙarin na mota. Gwaji ya ƙi yarda da haka. A 1887, a birnin Cleveland na Amurka, Albert Michelson da Edward Morley suka nemi bambancin gudun haske tsakanin ɓangaren da duniya ta nufa da sauran ɓangarori, ba su samu ba. A 1964, a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Jeneba, aka auna hasken da ya fito daga ƙwayoyin da su kansu suke gudun fiye da kashi 99.9 cikin ɗari na gudun haske, aka tarar bai ƙaru ba. Albert Einstein bai jira wannan gwaji na biyu ba. A 1905, shekara biyu bayan Turawan Ingila sun ci Kano, yana ɗan shekara 26, yana aiki a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern na Suwizalan, ya ɗauki abubuwa biyu a matsayin tushe: dokokin halitta iri ɗaya ne ga duk mai tafiya miƙaƙƙiya da gudu ɗaya, kuma kowa a cikinsu zai auna gudun haske ya sami adadi ɗaya. Wannan ita ce ka'idar dangantaka ta musamman. Duk abin da zai biyo baya a darasin nan daga waɗannan biyun ya fito, kuma wanda ya karɓe su ba shi da hanyar ƙin sauran.

Ga yadda abin yake fitowa. A ƙaddara an kafa madubi ɗaya a ƙasan motar, ɗaya a rufinta, ɗigon haske na kai da kawowa tsakaninsu. Kowace isa bugu ɗaya ce, ke nan mun sami agogo. Ga yaron mota, hasken sama yake tashi sak. Ga manomi, kafin hasken ya kai rufi motar ta yi gaba, don haka a karkace ya bi, kuma karkatacciyar hanya ta fi miƙaƙƙiya tsawo. Da tumatir ne da babu damuwa, sai mu ce ai gudun mota ya ƙaru a kan nasa, shi ya sa ya ci doguwar hanya a lokaci ɗaya. To amma haske ba ya karɓar ƙari. Hanya ta ƙaru, gudu bai ƙaru ba, dole lokaci ne ya ƙaru. Magina sun san awon nan na uku, huɗu, biyar da ake fitar da kusurwar harsashi da shi, kuma shi za mu yi aiki da shi. A ce tsawon motar daga ƙasa zuwa rufi kamu uku ne, kuma tana da gudun da kafin haske ya kai rufi ta yi gaba kamu huɗu. Karkatacciyar hanyar ta zama kamu biyar. Motar da ta ci huɗu yayin da haske ya ci biyar tana gudun kashi huɗu cikin biyar na gudun haske ke nan. A awon yaro haske ya yi tafiyar uku, a awon manomi ya yi biyar, gudun kuwa ɗaya. Sakamakon shi ne, duk lokacin da agogon manomi ya ƙirga biyar, na cikin mota uku ya ƙirga.

Ana iya yin wannan lissafi ga kowane gudu. A rubuta gudun a matsayin kason gudun haske, a ninka shi da kansa, a cire abin da aka samu daga 1, sannan a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da ragowar. A misalinmu 0.8 sau 0.8 ya ba da 0.64, ragowa 0.36, lambar da ake nema 0.6, wato uku cikin biyar. A kashi 87 cikin ɗari na gudun haske agogo na komawa rabi. A kashi 99.5 yana komawa ɗaya cikin goma. Wannan lissafin ne kuma yake amsa tambayar da kowane ɗalibi mai hankali zai fara yi: in haka ne, me ya sa ba mu taɓa gani ba? Domin gudunmu ba komai ba ne a gaban na haske. Direban da ya yi shekara 40 yana zirga-zirga tsakanin Kano da Legas, awa goma kullum, a kan kilomita 100 a awa, abin da agogonsa zai yi baya da shi a duk tsawon aikinsa bai wuce maikurosakan biyu da 'yan kai ba. Hankalinmu ya ginu ne a kan tafiyar ƙafa da jaki da mota, kuma a wannan fage bai yi kuskure ba. Kuskuren yana zuwa ne idan aka tilasta masa yanke hukunci a fagen da bai taɓa shiga ba.

Yanzu sai mu auna muwon da wannan ma'auni. A agogonmu, tafiyar kilomita 15 da gudun da ya kusa na haske tana cin maikurosakan 50. Idan kowane ɗaya da rabi rabinsu na rugujewa, an raba su biyu fiye da sau 30 ke nan kafin su iso, kuma abin da zai rage bai kai ɗaya cikin biliyan ba. Amma muwon mai gudun kashi 99.5 cikin ɗari, yayin da muka ƙirga 50, biyar kawai suka wuce masa. An raba su biyu kamar sau uku, kimanin ɗaya cikin goma ya tsira, da yawansu ma sun fi haka gudu. Mai shakka zai iya cewa wataƙila ba daga can sama suka taso ba, a kusa aka haife su. Gani ya kori ji, kuma an gwada. Bruno Rossi da David Hall sun kwatanta yawansu a kan tsauni da ƙasa a jihar Colorado, suka wallafa sakamakon a 1941. Daga baya David Frisch da James Smith suka maimaita a Dutsen Washington na Amurka, suka wallafa a 1963. Sun tace muwon masu gudu iri ɗaya, suka ƙirga kimanin 563 a awa a kan dutsen. Da suka sauko mita 1,900 zuwa kusa da gaɓar teku, tsohon lissafi ya ce su sa ran kimanin 27. Sun sami 412.

Akwai abin lura a nan. A mazauninsa, muwon bai ga agogonsa ya yi nawa ba, rayuwarsa gajera ce kamar kullum. To yaya ya iso? A awonsa shi ne a tsaye, ƙasa ce ke taso masa, kuma ka'idar ta nuna cewa abin da ke tafiya yana gajarcewa ta fuskar da ya nufa, da daidai kason da agogo ke yin nawa. Iskar da muka auna kilomita 15, shi ɗaya da rabi ya auna. Mu mun ce lokacinsa ne ya miƙe, shi ya ce hanya ce ta gajarce, amma adadin da ya faɗo a kan eka ɗaya babu saɓani a kansa.

Suka ta farko mai nauyi ita ce: ai wannan lahani ne na agogo, gudu ne ya dama masa kayan ciki, lokaci kuwa yana nan yadda yake. Amsa ta farko daga tushen ka'idar take. Da agogon haske kaɗai ke yin nawa, agogon hannun yaron da bugun zuciyarsa ba sa yi, da ya kwatanta su ya gane motar na tafiya ba tare da ya leƙa waje ba, wannan kuwa shi ne abin da muka ce ba ya yiwuwa. Amsa ta biyu daga gwaji take, kuma ta fi gamsarwa. Muwon ba shi da ƙarfe ko batir da za su lalace. Agogon sinadarin siziyom, wanda tun 1967 da shi ake ayyana tsawon sakan, kaɗawar ƙwayar zarra yake ƙirgawa. A 2010 masu bincike a Amurka suka yi aiki da agogon ƙwayar alminiyom, suka gano jinkirin a gudun da bai kai kilomita 36 a awa ba, gudun babur a cikin gari. Abubuwan nan ba su haɗa komai ba a ƙirarsu, amma duka suna yin nawa da kaso ɗaya, wanda lissafi ya faɗa tun kafin a gwada. Idan duk abin da ake auna lokaci da shi ya yi nawa daidai wa daida, mai cewa akwai wani lokaci na gaskiya a ɓoye wanda bai canja ba, shi ke da nauyin nuna mana abin da za a auna shi da shi.

Suka ta biyu ta fi wuya, kuma ba jahilai kaɗai ta kama ba. Herbert Dingle, farfesa a Landan, ya riƙe ta shekaru da dama har ya yi littafi a kanta a 1972. Cewa take yi: tun da babu wanda ke tsaye na haƙiƙa, yaron mota ma yana da damar cewa manomi ne ke tafiya, agogon manomi ne ke nawa. Yaya agogo biyu kowanne zai fi ɗan'uwansa nawa? Gaskiya ne ka'idar ta ce kowannensu haka zai auna. Abin da ya hana wannan zama tufka da warwara shi ne, mutanen biyu ba su yarda da juna ba a kan abin da ya faru a lokaci ɗaya a wurare biyu. A kunna fitila a tsakiyar motar. Ga yaro, haske ya isa gaba da baya tare. Ga manomi, bayan motar na tahowa ya tarbi hasken, gabanta na guje masa, don haka baya ya riga samu. To, manomi ba zai iya auna agogon da ke wucewa da agogo ɗaya ba. Sai ya ajiye ɗaya a Kura, ɗaya a Kadawa, ya saita su, ya duba na motar a nan, ya sake dubawa a can. Yaron kuwa zai ce tun farko ba a saita su daidai ba, na Kadawa ya riga na Kura, kuma idan ya cire wannan rigaye a lissafinsa sai ya tarar kowanne daga cikin agogon manomi nawa yake yi. Abin da suke aunawa daban ne, shi ya sa amsoshinsu ba su yi karo ba. A nan Dingle ya zame, kuma a ganina duk wanda ya ruɗe a wannan fanni a nan yake zamewa: yana ɗauka, ba tare da ya lura ba, cewa yanzu ɗaya ce a ko'ina.

Idan kuma agogon biyu suka sake haɗuwa wuri ɗaya fa? Nan dole amsa ta zama ɗaya. A ce tagwaye ne, Hasan ya zauna gida, Husaini ya tafi wani tauraro da haske ke kai wa cikin shekara huɗu, kusan nisan tauraro mafi kusa da ranarmu, da gudun huɗu cikin biyar na haske. A lissafin Hasan shekara biyar zuwa, biyar dawowa, goma ke nan. Husaini zai dawo ya ƙaru da shekara shida. Ba za a juya maganar ba, domin halinsu ba ɗaya ba ne: Hasan mazauni ɗaya ya riƙe daga farko har ƙarshe, Husaini kuwa ya ci birki, ya juya, ya koma wani mazaunin, kuma ya ji haka a jikinsa. Ba a yi wannan da mutane ba, amma an yi da ƙwayoyi. A CERN, a sakamakon da aka wallafa a 1977, an sa muwon suna zagaye a wata da'ira suna dawowa inda suka taso, rayuwarsu ta ninka kusan sau 29, daidai da lissafi. A Oktoban 1971 kuma Joseph Hafele da Richard Keating suka ɗauki agogon siziyom huɗu a jiragen fasinja suka zagaya duniya. Da suka bi gabas, agogon suka dawo da ragin kimanin kashi 59 cikin biliyan na sakan, da suka bi yamma suka dawo da ƙarin kimanin 273. A wannan gwajin akwai hannun wani dalili na biyu: agogon da ya yi nesa da janyowar ƙasa yana ƙara sauri, abin da Einstein ya kammala bayaninsa a 1915, kuma darasi ne mai zaman kansa.

Dalilan nan biyu suna aiki a cikin na'urar da malamin gona ke riƙewa idan yana zagaya gona don fitar da girmanta, da kuma wayar da ke aljihun da yawa daga cikinku. Tsarin da suke aiki da shi, wato GPS, na gano wuri ne ta auna lokacin da saƙo ya ɗauka daga taurarin ɗan Adam da ke kimanin kilomita 20,200 a sama, suna gudun kusan kilomita 14,000 a awa. Gudun na sa agogonsu yin baya da maikurosakan 7 a rana, nisansu daga ƙasa na sa shi yin gaba da 45, abin da ya rage ƙarin 38. A maikurosakan ɗaya saƙon na cin mita 300, a 38 kuwa fiye da kilomita 11, don haka injiniyoyi ba su yi wasa da shi ba: tun kafin a harba tauraron ake rage saurin bugun agogonsa, domin idan ya hau ya yi daidai da na ƙasa.

Akwai masu jin wannan bayani su ce ashe komai ra'ayi ne, kowa da gaskiyarsa. Ka'idar ba ta ba su wannan dama ba. Gudun haske ɗaya ne ga kowa. Abin da ya faru a wuri ɗaya, kamar shekarun tagwaye ranar da suka haɗu, kowa ya yarda da shi. Sanadi ba ya taɓa zuwa bayan abin da ya haifar, ko daga wane mazauni aka duba. Wanda ya san awon manomi da gudun mota zai fitar da awon yaro ba tare da ya tambaye shi ba, ra'ayi kuwa ba a fitar da shi da lissafi. Haka nan babu abin da ya taɓa ranar da za a saki ruwa a kanal ko lokacin salla, wanda dama da ranar da mutum ke gani daga inda yake ake sanin sa. Mutanen da ke zaune a kan ƙasa ɗaya, suna tafiyar da ba ta wuce ta mota da jirgi ba, agogo ɗaya ya ishe su.

Kafin zama na gaba, kowa ya ɗauki takarda ya sake lissafin tagwayen da kansa, amma ya rage gudun Husaini zuwa kashi uku cikin biyar na gudun haske, wato 0.6. Ya ninka shi da kansa, ya cire daga 1, ya nemo lambar da ake nema, sannan ya faɗi shekara nawa Husaini zai ƙaru da su idan Hasan ya ƙirga goma. Wanda ya gama ya zana kusurwar uku, huɗu, biyar, ya nuna wane gefe ne tafiyar mota a wannan karon, wane ne awon yaro, wane ne na manomi, ya zo da ita aji.